Sharhi: Wasa tun da la'asar yake gyaruwa ko ya lalace

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Duk Salla, ƙarama da babba, Maradi ba ta rasa wasa: gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, filin kokowa na Kantu, har da dandalin unguwanni. Mutum ya biya jika guda ko biyu ya shiga, sai ya koma gida da kunne yana ƙara, bai ji baitin waƙa ko ɗaya ba. Sai a ce mawaƙi ne bai iya ba. Sau da yawa ba laifinsa ba ne, tun da la'asar aka kashe wasan, lokacin da ya kamata a yi gwajin sauti aka tsaya jiran kujeru.

Mu fara da wuta. Mai sono, wato mai kula da kayan sauti, ya tara ƙarfin duk abin da zai jona, amfuli (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da fitilu da sauransu. In sun kai wat 4000, gurup, wato injin wuta, mai ƙarfin kVA 5 daidai wuya yake, da ganga ta buga da ƙarfi sai ya shaƙe, sauti ya dishe. A nemi mai kVA 7. Fitilu su bi layinsu dabam, don su ne ke kawo wannan gurnanin da kuke ji ƙarƙashin murya. Wajen kunnawa, teburin haɗa sauti ne farko, amfuli ƙarshe. Wajen kashewa a juya. Wanda ya saɓa wannan, shi ne ke jin "bum" ɗin da ke ƙona bafal, wato lasifika.

Sai kukan mikro, wanda ke sa mata toshe kunnuwan yara. Dalilinsa ɗaya ne: mikro ya ji abin da bafal ta fitar, ya sake maida mata, abin ya yi ta zagaye. Maganinsa bafal su tsaya gaban dandali suna kallon jama'a, mawaƙa na bayansu. Mawaƙi kuma ya daina dunƙule kan mikro da tafin hannu kamar yadda ƴan zamani ke yi, ya riƙe shi a jiki, tazarar yatsa biyu zuwa uku daga baki.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan kiɗanmu na gado. Gurmi ba shi da babbar murya, an yi shi ne don zaure da tsakar gida. In aka ajiye mai gurmi kusa da mai jita da gangunan bature, ya nutse ke nan, sai dai ka ga yatsunsa na motsi. Yana buƙatar mikronsa shi kaɗai, kamar taƙi ɗaya daga fatar, kuma a zaunar da shi nesa da ganguna. Goge ma haka, amma a rage masa tsinin sauti kaɗan, in ba haka ba gashin doki zai yi ta soke kunne. Kalangu kuwa mai shi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin mai rawa, yana bin mai liƙi. A ɗaura masa ƙaramin mikro a jikin kalangun, a gefen da ba a bugawa. A tuna kuma fata na bin yanayi: da hunturu ta ɗaure, da damina ta saki, saboda haka kalangun da aka gwada ƙarfe huɗu sai an sake taɓa shi bayan isha'i.

Gwaji yana da tsari, ganguna da fari, sai jita, sai gurmi da goge, sai ƴan amshi, murya ta zo ƙarshe ta hau bisa kowa. Ƙungiya guda na cin minti 20. In ƙungiya shida ce, awa biyu ke nan, kowa ya yi lissafin ƙarfe nawa zai fara. Wanda ya ƙi wannan wahalar shi ne ke sa kaset, mawaƙi ya yi ta motsa baki, makaɗa na zaune gida babu aiki. Wannan asara ce, a ƙasa irin Nijar da ta sa wa babbar gasar kiɗanta sunan mawaƙin gargajiya Ɗan Gurmu.

Ƴan tele, ku ma da ku nake. Sauti na tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, kamara da ke bayan fili na jin waƙar a makare, haɗe da hayaniya da amsa-kuwwar katanga. Ku ja waya daga teburin mai sono kai tsaye, ku ƙara mikro ɗaya da ke kallon jama'a don tafi da guɗa. Mikro maras waya kuma a sa masa sabon batir kafin a buɗe ƙofa, a ajiye mai waya ɗaya a jone gefen dandali.