Darasi: In an kira ki daga makaranta an ce yaro ba lafiya

Assalamu alaikum iyaye mata, barkanmu da war haka. Yau kan yaran makarantar kwana za mu tsaya, don daga Agusta zuwa Oktoba sauron Katsina ba ya ɗaga ma kowa ƙafa.

Waya ta yi ƙara, hausmasta ne: "Hajiya, yaronki ba lafiya." Na san gabanki ya faɗi, kina salati kina laluben mayafi. Tsaya tukuna, ki ce a miƙa ma yaron waya ki ji muryarshi. Yana ci? Yana sha? Sannan ki tambaya, an yi mashi gwajin maleriyan nan na jinin yatsa? Minti 15 zuwa 20 ya fito. Ni dai ban yarda da "maleriya ce da taifot" ta baki kawai, a dirka ma yaro allura.

To ga jakar magani da nake haɗawa in aika ma yaro makaranta. Farasitamol kun san shi, mu wuce. Ga wannan, maganin zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem. Nan nake son a buɗe kunne, don nan iyaye ke rikicewa. Sau shida ake sha cikin kwana 3. Ya sha na farko, bayan awa 8 ya sha na biyu. Awa takwas fa, ba sai gobe ba. In ya sha ƙarfe takwas na safe, na biyu ƙarfe huɗu na yamma, bayan La'asar ke nan. Kwana biyun da suka rage kuma safe da dare. Ki duba kwalin: ƙaramar ƙwaya mai 20/120, yaro da ya kai kilo 35 guda huɗu zai haɗiye kowane sha, babbar mai 80/480 guda ɗaya. Kuma da abinci mai maiƙo ko madara, sai ta fi shiga jiki. Shi ya sa nake cusa gwangwanin madara da ƙuli-ƙuli. Yaran nan da sun ji sauƙi rana ta biyu sai su tura sauran ƙarƙashin katifa, shi ke sa zazzaɓin ya dawo. Ki roƙi nas ɗin makaranta ya sha a gabanta.

In da amai da gudawa, ruwan gishiri da sukari. Leda biyu ta fiya wata, lita ɗaya ke nan. Gishiri cokalin shayi shida, a'a, subhanallahi, sukari ne shida, gishiri rabin cokali, duk a shafe. In na kemis ne, fakiti ɗaya a lita ɗaya, ya kwana ya wuni a zubar.

Amma Hajiya, in aka ce wuyanshi ya sanƙare, ko yana jijjiga, ko yana sambatu, ko komi ya sha sai ya amayar, ko fitsari ya yi baƙi, bar maganar aike a hannun direba. A wuce da shi babban asibiti mafi kusa, ke ki iske su can, ko Daura ne ko Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. Sanƙarau, musamman lokacin bazara, ba ya jiran ranar ziyara.

Gidan sauro kuwa ina da mai magani a shago, wajen Ƙofar Ƙaura, na gadon ɗalibai, ba tsada. Ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ya kwana ciki, kuma ki rubuta sunanshi jiki da maka, don a ɗakin kwana ɗauke su ake yi.