Kundin Waƙoƙin Yabo na Zamani: Na Sauraro Ne Ko Na Ikkilisiya?

Iyayena, shugabannin mawaƙa, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Batun da aka ɗora mini shi ne kundin waƙoƙin Kirista na zamani, irin wanda yake haɗa kiɗan fof, wato kiɗan nishaɗi na zamani, da waƙoƙin sujada a faifai ɗaya, kuma ina so in nuna cewa irin wannan kundi ayyuka biyu yake ɗauke da su, waɗanda ba kullum suke jituwa ba.

Asalin salon daga Amurka yake. A ƙarshen shekarun 1960 matasa masu yawa a jihar Kalifoniya suka karɓi bangaskiya, suka shigo majami'a da jitarsu, har majami'ar Calvary Chapel ta garin Kosta Mesa, ƙarƙashin Fasto Chuck Smith, ta kafa kamfanin Maranatha! Music a 1971 domin ɗaukar waƙoƙinsu. Daga baya harkar ta yi cibiya a birnin Nashbil.

Waƙar fof ta kunne ce. Ana gina ta a kan muryar gwani guda, wanda yake hawa inda ya ga dama, ya sauko inda ya ga dama, mai sauraro kuwa yana cikin mota ko yana bakin aiki. Waƙar sujada ta taro ce, dole tsohuwar da ke bencin baya da yaron makarantar Lahadi su iya kama ta daga ji na biyu. Shi ya sa za ku ga amshinta gajere ne, ana maimaita shi, kuma idan an zo ɗaukar kundin kai tsaye sai a rataya makirfo a saman jama'a, a wani wuri ma makaɗa su tsagaita gaba ɗaya, jagora ya ja da baya, a bar muryoyin taro kaɗai. Wannan tsagaitawar, a ganina, ita ce wurin da ake gane ko waƙar ta zama ta mutane.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda bai kamata mu kauda kai daga gare ta ba. Tun 1988 kamfanin CCLI yake ba majami'u lasisin amfani da waƙoƙi, su kuma suna ba da rahoton waɗanda suka yi amfani da su, a biya marubuta gwargwadon haka. Ke nan waƙar da ikkilisiyoyi suka rungume tana ciyar da mai ita shekara da shekaru, kuma wannan ya sa marubuta da dama suke rubutu da taron Lahadi a zuciya.

Hanyar ba daga waje kaɗai take zuwa ba. "Way Maker" ta Sinach, 'yar Najeriya, ta fito a 2015, mawaƙan Amurka suka sake rera ta, ta kuma ci kyautar waƙar shekara ta Dove, wato kyautar waƙoƙin Kirista ta Amurka, a 2020, ga shi kalmominta kaɗan ne, amshinta ba wuya.

Damuwata ita ce yadda ƙungiyoyin mawaƙanmu suke kwafo kundi yadda yake, har da tsayin muryar da aka zaɓa domin gwanin da ya rera, sai ka ga jama'a sun yi tsaye suna kallo, leɓɓansu ba sa motsi. Zumuntar Mata, da tulunsu da bayarwa da amshi, ba su taɓa barin taro a baya haka ba. Ina roƙon ku, kafin ku kawo waƙa daga sabon kundi, ku sauke muryar zuwa inda kowa zai kai, ku rage doguwar shimfiɗar kiɗan, ku kuma zauna da fasto ku auna kalmominta da Littafi Mai Tsarki baiti bayan baiti.