Kukan bak-aksil: lacca ga yaran aiki a Suame Magazine, Kumasi

Assalamu alaikum. Masta-masta da ke gaba, ina gaisuwa. Yarana na baya, ku matso, ƙarar masu walda ba za ta bar ku ku ji ba. Abu biyar na zo da shi kan gyaran bak-aksil, wato aksil ɗin ƙafafun baya, da sa sabon kirawun da finiyo, wato babbar giya mai zagaye da ƙaramar da ke juya ta, kuma wannan kan aksil ɗin da ke kan teburi na Hilux ne, da shi za mu yi misali.

Na ɗaya, kafin ka ɗauki sifana, shiga motar ka saurara. In tana kuka lokacin da direba ya taka totur, ya saki ta yi shiru, yawanci haƙora ne ba su zauna daidai ba. In sai ya saki totur take kuka, fara zargin boris ɗin finiyo, ya yi sako-sako. In kuma gurnani ne da ke canzawa idan an sha kwana, duba boris ɗin ƙafa tukuna, kada ka kwance aksil a banza mai mota ya biya kuɗin aikin da bai ci ba.

Na biyu, kwancewa. Juye mai, ka duba maganaɗisun da ke jikin notin juyewa: baƙin gari kamar kwalli ba komai, amma ɓarɓashi mai ƙyalli ya gaya maka wani abu ya ci kansa a ciki. Yi wa farfela alama kafin ka cire, zare shaf biyu, sannan kan ya fito. Murafun nan biyu da ke riƙe boris na gefe, buga musu alama da fonci, na hagu hagu, na dama dama. Tare da gidansu aka huda su a masana'anta, in ka musanya su ba za su taɓa zama daidai ba.

Sai sayen kaya. Kirawun da finiyo miji da mata ne, tare aka goge su tun daga masana'anta har suka saba da juna. Wanda ya sayar maka da finiyo shi kaɗai ya ce zai shiga, e, zai shiga, auren dole ma ai ana ɗaurawa. (Dariya.) Sabo ne ko hom-yus, wato na hannu, daga nan Magazine ko daga Abossey Okai a Accra, ƙirga haƙora da hannunka. Kirawun 41, finiyo 10, ka raba, 4.10 ke nan. 41 da 9 ya ba ka 4.56. 39 da 8, 4.88. Lamba na hawa, ƙarfin ja na ƙaruwa, gudu na raguwa, injin na shan mai a doguwar hanya. Mai ɗauko doya daga Techiman zai so babbar lamba, mai zuwa Tamale ba kaya ba zai gode maka ba. Kuma in motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya dole lambarsu ta zo ɗaya.

Ɗaura kirawun ba wuya. Goge fuskar da zai zauna, ko ƙwayar yashi kada ta rage. Dafa shi a tafasasshen ruwa ya buɗe, ya zauna da kansa, ba da guduma ba, ba da wutar gas ba. Ɗaure bol-bol ɗin a gicciye, na Toyota irin wannan wajen 97 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri.

To yanzu na uku, kuma nan ne aikin yake. Shatin haƙora. Duk abin da na faɗa a baya yaron da ya yi wata shida zai iya. Wannan ne ke raba ƙwararren makanike da mai kwance noti.

Ku dubi haƙorin nan. Ƙarshensa na waje, mai faɗi, dunduniya. Na ciki, siriri, yatsa. Yana da kai, yana da gindi. Yana da fuska biyu: mai tudu ita ke ɗaukar nauyi idan an taka totur, mai kwari ita ke aiki idan an saki. Ka shafa bulu, shuɗin fentin da ke nuna inda haƙora ke haɗuwa, a haƙora uku ko huɗu, fuska biyun, shafi kaɗan. Kaɗan na ce. Wasunku suna lafta shi kamar shito a kan waakye, sai komai ya dame, ba abin da za ka karanta. Sannan wani ya danne kirawun da guntun katako ya ba shi nauyi, kai kuma ka juya finiyo gaba da baya. In ba nauyi, shatin zai yi maka ƙarya, ya fito ɗan ƙarami a inda ba nan zai zauna ba.

Abin da kake nema shati mai siffar ƙwai a tsakiyar haƙori, ya ɗan karkata wajen yatsa, bai taɓa kai ba, bai taɓa gindi ba. Me ya sa wajen yatsa? Saboda idan mota ta ɗauki kaya, haƙori yana ɗan lanƙwasawa, shatin ya bazu ya nufi dunduniya. Ka bar masa wurin tafiya.

In shatin ya hau kan haƙori, finiyo bai shiga ba, ƙara masa shim, siririn zoben ƙarfen nan, mai kauri a bayansa. In ya nutse a gindi har ya bar layi mai kaifi, ya shige da yawa, rage shim. Ku maimaita. Sama, ƙara. Ƙasa, rage. Kai mai jar riga, me na ce? Yauwa. Shim ɗin Toyota tsakanin ɗaya da mai bi masa 0.03 na milimita ne, gashin kanka ya fi shi kauri, amma yana matsar da shati ka gani da idonka. Shi ya sa gwangwanin madara da ake yankawa a cusa ba shim ba ne. Yana da taushi, zai daku, wata guda finiyo ya koma rawa.

Kuma duk sanda ka taɓa shim, ratar haƙora ta canza, sai ka sake aunawa. Af, ratar ma ban yi bayaninta ba, ita ce ya kamata ta zama na uku. Ba komai. Ka kafa agogon awo a kan haƙorin kirawun, ka riƙe finiyo, ka girgiza kirawun a hankali. A wannan kan, 0.13 zuwa 0.18 na milimita. Auna a wuri uku ko huɗu a zagaye. In lambobin sun yi nisa da juna, kirawun bai zauna daidai ba, koma ka duba datti a bayansa. Da manyan notin gefe ake gyara ta: ka sassauta ɗaya rami guda, ka ɗaure ɗayan rami guda. Rage rata na jan shati wajen yatsa, ƙara ta na tura shi dunduniya. Amma kada ka fita daga awo don neman shati mai kyau. Rata ta yi kaɗan, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, mai ya rasa wurin shiga, haƙora su ƙone.

Sau uku, sau huɗu za ka kwance ka mayar. Haka aikin yake. Dabara ita ce ka sami tsohon boris irin na finiyon, ka goge cikinsa har ya riƙa shiga da hannu, ka yi gwaji da shi, ba oyil-sil, ba bututun matsi na tsakanin boris biyu. Sai shati ya yi kyau ka danna sabon boris da firas. In hom-yus ne giyar, fuskar tudu ta riga ta goge, ka fi dogara da fuskar kwari. Bulu dai, bulu. Kwalinsa bai kai kuɗin man giya ba.

Lokaci ya tafi. Na huɗu, matsin boris ɗin finiyo. Bututun nan da ke tsakanin boris biyu sau ɗaya ake matse shi, sabo za ka sa. Ɗaure noti kaɗan-kaɗan kana auna ƙarfin da ke juya finiyo, sabon boris wajen 2 Nm, tsoho rabin haka. In ka zarce, ba a komawa baya, sai wani sabon bututun. Mai kuwa GL-5, lamba 90 ko 80W-90, har ya taɓo bakin ramin zubawa. A gaya wa direba kilomita 800 na farko ba lodi mai nauyi, sannan ya dawo a canza mai. Zai ce to, gobe ka gan shi da buhun gawayi har rufi. Na biyar...

(Wani yaron aiki daga baya: Masta, gafara. Akwai wadda muka sa wa sabon oyil-sil sau biyu, har yanzu mai na zuba a kan birki. Sil ɗin ne jabu?)

Ƙila jabu ne, amma ka duba hancin aksil? Ɗan ƙarfen nan mai hula da ke saman kwanon. Ba ka duba ba. To, aksil yana numfashi. Ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura, ta nan take fita. Jar ƙasar hanya ta toshe shi, iska ta nemi wata ƙofa, ta tura mai ta bakin sil ya jiƙe takalmin birki, ko sil goma ka sa haka za a yi. Kwance shi, wanke da kananzir, ka hura da baki ka ji iska na wucewa. Sannan ka shafa farce a inda leɓen sil ke gogar ƙarfe. In farce ya maƙale a rami, nan ma mai zai bi.

Da damina kuma abin juyewa yake. Aksil da zafinsa ya faɗa ruwan da ya cika hanya, ya huce nan take, ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Ka buɗe ka ga mai ya koma kalar shayi da madara, juye shi a ranar, kada ya kwana, tsatsa ba ta jira a kan boris. Takalmin birkin da ya sha mai kuma ba a ƙona shi a mayar, a canza na ƙafa biyun. Motar tana garejinku yanzu? To bayan azahar ka ciro hancin ka kawo mini nan, kowa ya gani.