Shafi ya yi kyau, amma ina aka ɓoye kuɗin kawowa?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna garin gwamna. Sadiq ne, ga Anti Rabi ga Ummi. Yau maganar shagon nan na intanet za mu yi da ya canza fasalin shafukan kayansa, ba za mu kama suna ba, amma dai saƙonninku sun cika mana waya a kai.

Ummi: Ni dai Yaya Sadiq bari in riga ku, wallahi ya burge ni. Hotuna manya-manya, kana taɓa atamfa ta buɗe har zaren kana gani, ga bidiyo ana juya kayan.

Anti Rabi: A wace wayar kika buɗe, Ummi?

Ummi: Tawa mana.

Anti Rabi: Toh ai shi ne. Ke kina Unguwar Rimi da waifai ɗin ofis. Je ki Rigasa da yamma ki ari ƙaramar Itel ki buɗe ki gani, abu ya yi ta juyawa yana juyawa, kafin hoton farko ya fito bidiyo ya fara kunna kansa ba wanda ya ce masa, data kuwa tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashi a Janairun 2025 kowa lissafinta yake kamar gishirin miya.

Sadiq: Wannan kam laifin masu ginawa ne, kuma gyaransa ba wuya. Ana matse hoto ya rage nauyi, a sa na ƙasa kada su sauko sai mutum ya gangara, bidiyo kuma sai an danna. Matsalar ita ce su a babbar kwamfuta suke gwadawa, mai saye kuma Tecno ce a hannunsa.

Anti Rabi: Ni duk ba wannan ya fi ci min rai ba. Wata ta turo mana murya, ta ce ta zaɓi kaya ta gama, ta sa adireshi, ta sa lambar waya, sai a matakin ƙarshe kuɗin kawowa ya faɗo mata. A da a ƙarƙashin farashi yake, kana zaɓar Kaduna ka gani. Yanzu an ɗauke wai don shafi ya yi tsaf.

Ummi: Amma Anti ai ko a WhatsApp haka ne, sai kin tambaya ake faɗa miki na mota.

Anti Rabi: Can mutum kike tambaya, ya amsa miki a take, ya ce zan ba direba a tashar Kawo ki je ki karɓa, kaza ne. Shafi wa za ki tambaya? Sannan ga maganar yadi. Duk macen da ta taɓa shiga Kasuwar Barci ta san turmi yadi shida ne, amma akwai masu yanka rabi. Sabon shafin nan "guda 1" kawai ya rubuta, bayanin yadi sai kin danna wata 'yar kibiya can ƙasa da ba kowa zai lura ba. Ki ga araha ki yi murna, a kawo miki yadi uku, ga biki ya matso.

Sadiq: Maza ma sun yi kuka da saiz ɗin takalmi. Wani kayan an sa 42, wani an sa 8, alhali kusan ƙafa ɗaya ce, ɗaya lissafin Turai ɗaya na Ingila, teburin da ke fassarawa kuma an mayar da shi wani shafin daban.

Ummi: Toh ni fa ina ganin wani ƙorafin rashin sabo ne kawai. Duk lokacin da Facebook ya canza fasali sai an yi ta surutu, bayan sati biyu kowa ya manta.

Sadiq: Da gaskiyarki, akwai irinsa. Wanda ya ce kalar maɓalli ba ta yi masa ba, ko an matsar da kwandon sayayya daga hagu zuwa dama, wannan zai saba. Amma wanda ya ce ban ga nawa zan biya ba, ko ban ga kwament ɗin waɗanda suka saya ba, wannan ba sabo yake jira ba, tafiya zai yi.

Anti Rabi: Kwament ɗin ma ai shi ne idonmu. Hoton kamfani kowa ya san an yi masa kwalliya, hoton da wata ta ɗauka a tsakar gidanta nake nema in ga ko jan da gaske ja ne. Sun tura shi ƙasan ƙasa, bayan tallan wasu kayan da ban tambaya ba.

Ummi: Amma sun ce fa ana ba su taurari da yawa.

Sadiq: Su wa suka bayar? Akwatin tambayar nan sai shafi ya gama buɗewa yake fitowa, kuma da Turanci. Wanda netwok ya hana shi shiga bai ma gan shi ba, wanda ya ji haushi ya rufe bai tsaya danna tauraro ba. Kenan ire-iren Ummi kawai aka ji. Da ni ne sai in raba kwastomomi biyu, rabi su ga tsohon shafi rabi sabo, in duba su wa suka fi kammala oda, su wa suka fi dawo da kaya. Sannan in saurari muryoyin da ake turo wa masu amsa waya, can ne ainihin maganar take.

Ummi: Wato ni ce ma na ɓata musu lissafi, biyar na danna.

Anti Rabi: Ke da ko tsinke ba ki saya ba! Sadiq, karanto mana saƙon mutumin Barnawa ɗin nan da maɓallin "saya yanzu" ya sa ya yi odar firij sau biyu.

Sadiq: Bari mu sha ruwa tukuna Anti, saƙon nasa da tsawo.