Guntun silikon mai ganin motsi: jin motsi daban, auna gudu daban

Ku dubi ɗan guntun silikon nan da ke kan yatsa, wato 'yar ƙaramar na'urar lantarki mai ganin motsi. Tambayar da aka fi yi a kansa ita ce, hoto nawa yake ɗauka a daƙiƙa? Ko ɗaya. Haske na sauka a kan ƙananan idanunsa, wato sassan da ke jin haske, wuta 'yar mitsitsiya na gudana cikin transistoci, wato ƙananan sassan da ke sarrafa gudanar wuta, lissafin na faruwa nan take, babu kwamfuta a tsakani.

Asalin dabarar daga ƙwaro aka samo ta. A 1956 masana biyu, Hassenstein da Reichardt, suka bayyana yadda ƙwaro ke gane motsi, a 1986 kuma Tanner da Carver Mead suka gina guntun auna motsi a jami'ar Caltech, a Amurka.

To, ga inda ake ruɗewa. Ku lura da yadda dabarar ƙwaron ke aiki.

Idanu biyu ne maƙwabta. Inuwa ta gifta na farko, sai a jinkirta saƙonsa, a ninka shi da saƙon na biyu. In sun haɗu a lokaci guda, allurar da ke nuna sakamakon ta tashi. Wannan ya nuna akwai motsi, ya nuna inda aka nufa. Amma bai faɗi gudu ba. Ga takarda mai zane-zane baƙi da fari tana wucewa. Mun sauya ta da mai faɗin zane, gudun bai canja ba, allurar ta koma wani wuri. Mun sa mai dusasshen launi, ta faɗi. Mu ƙara gudu sosai, ku gani, ta sake faɗuwa, kamar abin tafiyar hawainiya yake yi. Kenan karatu ɗaya na iya nufin gudu biyu mabambanta.

Shi ya sa a ganina dabarar Kramer, Sarpeshkar da Koch ta shekarun 1990 ta fi dacewa da sunan ma'aunin gudu. Lokaci take aunawa. Gefen abu na taɓa ido na farko, sai a cika wata kapasita, wato 'yar ma'ajiyar wutar lantarki, ta fara tsiyayewa kamar tulu mai huda. Da isarsa ido na biyu, sai a leƙa abin da ya rage. In tulun na nan kusan cike, abin da sauri ya wuce. A ce tazarar idanun maikiromita 50 ce (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), tafiyar ta ci milisakan 5 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya): milimita 10 kenan a daƙiƙa.

Amma fa gudun hoto ne a kan guntun. Kafin ku san na mota a titi, sai kun san nisanta da irin gilashin da ke gaban guntun.

Sai abin da ke ɓata aiki: transistoci biyu ba sa fitowa daidai daga masana'anta, don haka maƙwabtan idanu kan saɓa wa juna. Doguwar fitilar ofis kuma, a wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa irin tamu, tana ƙiftawa sau 100, guntun kan ɗauka wani abu ne ya gifta, sai an sa matacin da zai tace wannan ƙiftawar.