Idan Mai Ya Malala a Kogin Logon, Wa Zai Fara Kiran Wa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya taso ne daga wata tambaya da ba a cika yin ta ba sai bayan ɓarna ta auku: idan ɗanyen mai ko wani sinadari mai guba ya malala cikin ɗaya daga kogunan da muke sha, da tsakar dare kuma a tsakiyar damina, wace hukuma ce za ta ja ragamar aikin, kuma wane ne zai sanar da mutanen da ke zaune a ɗaya gaɓar kogin?

Tun shekarar 2003 bututun da ya taso daga rijiyoyin mai na Doba, a kudancin Chadi, yake kai ɗanyen mai zuwa Kribi a bakin tekun Kamaru. Tsawonsa ya kai kilomita 1,070, kuma mafi yawansa yana cikin ƙasar Kamaru ne, inda ya shigo ta yankin Tuboro, yana da tashar tura mai a Dompta, ya bi kwarin kogin Mbere, ya wuce Belabo kafin ya gangara kudu. A arewacin Njamena kuma akwai matatar Jarmaya, wadda aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, kuma wani bututun mai tsawon kilomita 311 ne yake kawo mata mai daga yankin Bongor. Duk wanda ya ɗora taswirar waɗannan bututu a kan taswirar koguna zai ga abin da ya sa muke magana. Ruwan Mbere da na Vina suna tasowa ne daga tsaunukan Adamawa a Kamaru, su shiga Chadi su zama Logon, su wuce Mundu da Layi, sannan kogin ya dawo ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu, Bongor na wannan gaɓa Yagwa na waccan, har ya haɗu da Shari a tsakanin Kuseri da Njamena. Daga nan sai Tafkin Chadi, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa daga waɗannan koguna biyu yake zuwa. Ma'ana, man da ya zube a Kamaru zai iya ratsa Chadi ya sake dawo wa Kamaru a bakin Yagwa, kuma ba zai tsaya a shingen kwastan ba.

An riga an ga alamu. A watan Janairun 2007 mai ya tsiyaya a tashar lodi da ke cikin teku daura da Kribi. A watan Agustan 2013 gwamnatin Chadi ta dakatar da ayyukan kamfanin CNPC na China bayan an tarar da ɗanyen mai an zuba cikin ramuka a Kudalwa, taƙaddamar da ta ƙare a 2014 da biyan dala miliyan 400. A watan Satumban 2018 kuma bangon wani tafkin ajiye gurɓataccen ruwa ya ɓalle a filin mai na Badila da ke kudancin Chadi, ruwan ya bi gonaki ya faɗa cikin kogi, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a sun ruwaito cewa mutane da dama sun koka da ƙuna da ƙuraje a fata bayan sun yi amfani da ruwan.

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. Kamaru ta amince da shirin ƙasa na yaƙi da malalar mai a 2009, kuma akwai kwamitin sa ido kan bututu da ke ƙarƙashin kamfanin mai na ƙasa, SNH. Kamfanonin COTCO da TOTCO, masu kula da bututun a ƙasashen biyu, suna da nasu tsare-tsaren da kayan aiki. Sai dai manyan yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da ake jingina da su, irin ta Abijan ta 1981 da ta shirin ko-ta-kwana kan gurɓatar mai ta 1990, an rubuta su ne da teku a zuciya, da jiragen ruwa da tashoshinsu. Chadi ba ta da teku. Mu nan arewacin Kamaru abin da muke da shi koguna ne, da fadamu, da rijiyoyi, da mashayar dabbobi, kuma a ganinmu nan ne shirin ya fi rauni.

Bututu ma ba shi ne haɗarin da ya fi kusa da mu ba, domin yana da ma'aikata da na'urorin da ke lura da shi. Haɗarin yau da kullum yana kan titi ne. Tankokin mai suna ɗaukar kaya su gangara ta gangaren dutsen Mbe da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, wanda kowane direba ya san sharrinsa, su wuce Marwa da Mora, su bi hanyar Dabanga da ta daɗe tana wahalar da masu mota, har gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Njamena. Ga kuma jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, da ake jerawa a kan babura da ƙananan motoci, ga magungunan feshin auduga da takin zamani da ake rarrabawa a ƙauyuka kafin shuka. Idan tanka ta kife, abin da yake fara faruwa kowa ya san shi: jama'a su yi ca a wurin da bokitai da robobi. Haka aka yi a unguwar Nsam ta Yawunde ranar 14 ga Fabrairun 1998, lokacin da taragun mai suka yi haɗari, mutane suna kwasa wuta ta tashi, fiye da mutum 100 suka rasu. A watan Janairun 2021 motar fasinja ta yi karo da motar da ke ɗauke da fetur a gangaren Cang da ke yammacin Kamaru, mutum 53 suka halaka. A garin Majiya na jihar Jigawa a Najeriya, cikin watan Oktoban 2024, waɗanda suka rasu sun haura 150. Ana ƙidaya gawarwaki a irin wannan rana, kuma daidai ne a yi hakan, amma ba kasafai ake komawa a auna abin da ya shige cikin ƙasa da rijiyoyin da ke kusa ba.

To, a ɗauka hakan ta faru a kan wata gada da ke bisa wani mayo, wato rafi, mai zuba cikin Logon. Jandarma za su zo domin titi da tsaro, 'yan kwana-kwana domin wuta, idan suna kusa ke nan, domin bataliyoyinsu a manyan garuruwa suke. Perefe shi ne wakilin gwamnati a sashensa, kuma ta hannunsa shirin agajin gaggawa yake tashi. Wakilin ma'aikatar muhalli shi ke da hurumin auna gurɓata, asibiti na ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kifi da shanu na wata ma'aikatar daban, masu tace ruwan famfo kuma suna da nasu shugabannin. Kowannensu yana da wanda yake kai wa rahoto a Yawunde. A tsallaken kogi akwai irin wannan jerin, sai dai su Njamena suke kallo. Idan har sai takarda ta tashi daga Yagwa ta je Marwa, ta je Yawunde, ta bi ta ofishin jakadanci ta isa Njamena, sannan ta sauko Bongor, garin da ke tsallaken kogi daga Yagwa, to mata sun riga sun ɗebi ruwan, makiyaya sun riga sun shayar.

Wasu ƙasashen sun koyi wannan darasi da tsada. Bayan jirgin dakon mai na Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila a 1967, Amurka ta kafa shirinta na ƙasa a 1968, ta kuma ƙarfafa shi da dokar 1990 bayan malalar Exxon Valdez a Alaska a 1989. A yau tana da rundunonin shiyya 13, inda hukumomin tarayya da na jihohi suke zama tare su tsara aiki tun kafin a shiga matsala. An raba hurumi a fili: hukumar kare muhalli ce ke jagoranci a cikin ƙasa, dakarun tsaron gaɓar teku kuma a bakin ruwa, sannan kowane yanki yana da jami'i guda da aka riga aka naɗa wanda zai riƙe ragama a wurin da abin ya faru. A Turai, gobarar rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Bazel a 1986 ta tura guba cikin kogin Rayin ta kashe kifaye har cikin Jamus, kuma hakan ya sa ƙasashen da ke kan kogin suka ƙarfafa hanyar gargaɗin juna daga tasha zuwa tasha. Masu cewa waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi suna da gaskiya ta wani fanni, amma naɗa mutum guda da rubuta lambar wayarsa ba ya bukatar bashin Bankin Duniya.

Muna ma da rumfar da za a zauna a ƙarƙashinta. Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964, hedikwatarta tana Njamena, kuma a 2012 shugabannin ƙasashen suka amince da kundin ruwa na yankin, wanda ya taɓo batun gurɓata ruwa da musayar bayanai. A ɓangaren Binuwai, wanda ya ratsa Garwa ya nufi Yola, akwai Hukumar Kogin Neja mai mazauni a Yamai, kuma an saba Kamaru ta sanar da Najeriya idan za a saki ruwan madatsar Lagdo. Hanyar da ake bi a faɗa wa maƙwabci cewa ruwa na zuwa ita ce za a iya faɗaɗawa a faɗa masa cewa ruwan da ke zuwa ba na sha ba ne.

Abin da irin wannan shiri zai ƙunsa dole ya fito daga yanayin kogunanmu. Shingen roba mai yawo da ake tare mai da shi yana aiki ne a ruwa mai sanyin gudu. Idan kogi ya kawo a watan Agusta ko Satumba, man yana kutsawa ta ƙarƙashinsa, sai dai a karkata shingen a kora man zuwa wani lungu da za a iya kwashe shi. Waɗannan lunguna sai an zaɓe su tun da rani, an tabbatar mota ko kwale-kwale na iya isa wurin. Ɗanyen man Doba mai kauri ne, yana manne wa ciyawa da laka, yayin da fetur ke ƙafewa da sauri amma tururinsa na kama wuta, don haka ba magani ɗaya ake yi musu ba. Sinadaran da ake fesawa a teku domin tarwatsa mai kuwa ba su dace da ruwan da mutane ke sha ba. Sannan akwai wuraren da ya wajaba a fara karewa: bakin da ake jan ruwan famfo, magudanan da ke shayar da gonakin kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa da Maga, da faffaɗar fadamar nan ta yayre da ke tsakanin Logon da gandun dajin Waza, inda kifi ke hayayyafa kuma garken shanu ke sauka bayan ruwa ya janye. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ya san cewa idan kogi ya fasa gaɓa, babu sauran maganar tare wani abu a wuri guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kayan aikin da ke ajiye a Dwala ba su da amfani ga mutumin Logon-Birni a daren da hanya ta yanke.

Akwai kuma waɗanda takardun ofis suke yawan mantawa da su, alhali su ne farkon gani. Masunci Kotoko ko Musgum ko Masa shi zai fara lura da ƙyallin mai a kan ruwa da asuba, kuma bulama ko jauro zai fara gaya wa, daga nan lawan, daga nan lamiɗo ko sultan. Idan shiri bai sa waɗannan cikin jerin masu karɓar saƙo da masu isar da shi ba, ya bar hanyar da ta fi sauri. Gargaɗin kansa ya kamata a tanade shi tun yanzu da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa da harsunan bakin kogi, a ajiye a gidajen rediyo irin namu, yana faɗin abu uku ko huɗu a sarari: kada a sha, kada a shayar da dabba, kada a kusanci wurin da wuta ko sigari, ga inda za a sami ruwa mai kyau. Faɗa wa mutum kada ya sha ba tare da an kawo masa tankar ruwa ba, umarni ne da ba zai bi ba.

Batun wanda zai biya shi ma sai an daddale shi tun da wuri. Ƙa'ida ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara, amma diyya na bukatar hujja, hujja kuma na bukatar a san yadda ruwan yake kafin ya gurɓace, wato a riƙa ɗibar samfur ana ajiye sakamako a hannun hukumar da ba ta cin albashin kamfani. Masu mallakar rijiyoyi ma suna canzawa. ExxonMobil ta Amurka ta sayar da kasonta na man Doba a ƙarshen 2022, Chadi ta mayar da kadarorin hannun gwamnati a watan Maris na 2023, har saɓani da Kamaru kan lamarin ya kai ta ga kiran jakadanta daga Yawunde na wani lokaci. Shirin da ya dogara ga zumuncin manyan birane kaɗai zai iya tsayawa cik a irin wannan lokaci, shi ya sa ya fi kyau alaƙar ta kasance kai tsaye tsakanin gwamnan shiyyar Arewa Mai Nisa ta Kamaru da takwarorinsa na tsallake, tsakanin perefen Mayo-Danay, sashen da Yagwa ke ciki, da hukumomin Bongor.

Shawarar da muke gabatarwa ga gwamnonin shiyyoyin arewa uku, da hukumomin Chadi, da Hukumar Tafkin Chadi ita ce a gudanar da atisayen haɗin gwiwa a gadar Ngeli kafin ruwan sama ya sauka. A ɗauka cewa tanka ta kife a kan gadar da ƙarfe biyu na dare, a ba wani bulama waya ya yi kiran farko, a sa agogo, a rubuta minti nawa aka ɗauka kafin labari ya isa ga masu kula da ruwan sha a Kuseri da Njamena, da asibitocin gaɓoɓin biyu, da masuntan da ke ƙasan mahaɗar Logon da Shari. A sanar da jama'a sakamakon ta rediyo, a gyara inda aka samu tsaiko, sannan a maimaita atisayen a tsakanin Yagwa da Bongor a watan Satumba, lokacin da kogin ya cika.