Ɗan sanda ya kulle bindigarsa don zai shiga Disney

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Magic Kingdom, wurin shaƙatawa na Disney, nake, nan Orlando a jihar Fulorida ta Amurka. Tun da safe wani abu ke ta yi mini yawo a rai, na ce wallahi sai na ba ku labari kafin mu sauka.

Kun ga mutumin can mai jar hula, wanda ya saɓa 'yarsa a wuya? Maƙwabcina ne a Atlanta, ɗan sanda ne. Shekara huɗu muna zaune tare, ban taɓa ganinsa ba bindiga a ƙugu ba, ko ciyawar ƙofar gida yake yankewa. Tare muka taho da iyalanmu, mota biyu, kusan awa bakwai a kan hanya. To yau da za mu fito daga gidan da muka kama haya a Kissimmee, sai na ga ya zare ta, ya sa a wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ya kulle. Na ce, "Yallaɓai, lafiya?" Ya ce lafiya lau, Disney ba sa yarda a shiga da makami. Na ce har kai? Ya ce har ni.

Jama'a, na yi mamaki ƙwarai. Domin akwai dokar tarayya da ake kira LEOSA, wadda George W. Bush ya sa wa hannu a 2004, ta ba ɗan sanda, mai ci ko wanda ya yi ritaya, damar ɓoye bindiga a jikinsa a kowace jiha. Amma ya ce dokar ba ta taɓa haƙƙin mai wuri ba. Idan fili na kamfani ne ko na wani mutum, kuma ya ce kada a shigo masa da makami, katin aikinka ba zai buɗe maka ƙofa ba. Ranar da ba ka bakin aiki, baƙo ne kai kamar kowa. Kuma fa Fulorida ce, jihar da tun 1 ga Yulin 2023 ba sai kana da lasisi za ka ɓoye bindiga a jiki ba. Duk da haka a bakin ƙofar nan maganar ta ƙare. Wurin shaƙatawa na Universal ma haka.

Ba wai babu masu bindiga a ciki ba ne. Akwai jami'an ofishin sharif na gundumar Orange, su suna bakin aiki, an san da su. Maƙwabcin nawa ya ce shi ma da shi ne ke gadin wurin ba zai so wani da bai sani ba ya zaro bindiga cikin dubban yara ba, don a lokacin tashin hankali ba wanda zai tsaya tambayar waye ɗan sanda. Da ya ambaci harin gidan rawa na Pulse na 2016, inda aka kashe mutum 49 a wannan garin, sai muka yi shiru dukanmu.

Ni abin da ya burge ni shi ne yadda bai yi gardama ba. Na tuna bukukuwan da na halarta a gida, inda babban mutum zai shigo ɗakin taro da 'yan rakiyarsa riƙe da manyan bindigogi, yara na gilmawa ta ƙarƙashinsu, mai gadi kuma bai isa ya ce uffan ba. Ina son ƙasata, Allah Ya sani, yanzu haka kewar hawan sallah nake, amma wannan abu yana ci mini rai.

Ga fadar Disney can ta fara bayyana, ku duba! Yarana sun rikice. Tikitin kowannenmu ya haura dala 150, ban da kuɗin ajiye mota, alhamdu lillahi Allah Ya hore. Uwargida ta dafo mana dambun nama da cincin, don ana barin shiga da abinci, ban da kwalba.

Bari in ja kunnenku, masu niyyar zuwa. Tun ƙarshen 2015 suka kafa na'urorin gano ƙarfe, suka kuma hana bindigar roba ta wasan yara. Kada ka saya wa yaro ita a hanya, kuka za ka jawo wa kanka a bakin ƙofa. 'Yar wuƙar nan da wasunmu ke maƙalawa a makulli, cire ta tun a gida. Sandar ɗaukar hoto ma an hana, shi ya sa kuke ganin hoton yana rawa, da hannu na riƙe wayar. Kuma idan kana da aboki mai kaki, kada ka dogara da shi zai yi maka hanya, shi ma layi ya bi a bayana.

To, jirgi ya tsaya. Hajiya, riƙe hannun Abba, jama'a sun yi yawa. Sai mun shiga ciki.